Usta Inshirah, Wadda Ta Mayar da Ɗakin Rayyis Jirgin Ruwa

Rayyis Ashur yana nan a ɗakinsa. 'Yarsa Nagwa, wadda ta taso daga Alƙahira da motar haya don ta kwashe shi da kayansa, ta koma ranar Asabar ita kaɗai. Matan lungun da ke bayan filin ƙera jiragen ruwa na Anfushi, a nan Iskandariyya, sun raka motar da guɗa har bakin titi, ita kuma tana ɗaga musu hannu tana share ido da gefen mayafi. Tsohon, wanda ya haura saba'in kuma idonsa ya daina gani, bai fito rakiya ba. Ya ce yana da aiki, ya ɗora shayi a wuta.

Wadda ta sa hakan ta yiwu ita ce Inshirah Abdul'al, matar da unguwa ke kira Usta, laƙabin da aka saba ba maza ƙwararru a aikin hannu. Ba ta da shago, ba ta da allo a bakin ƙofa, kuma sunanta bai taɓa fitowa a jarida ba sai yau. Fiye da shekara talatin ke nan tana shiga gidajen unguwar nan tana gyara su da abin da wasu suka zubar.

Kullum tana fita kafin masu shara su iso kasuwar kayan miya. A can take tsintar akwatunan reshen dabino da aka kawo tumatir da lemo a cikinsu, ta zaɓi masu ƙwari, ta ɗaure ta rataya a baya. Daga nan sai filin jirage, inda kafintoci suka san abin da ke kawo ta: guntun igiya, ragowar fenti a gindin gwangwani, tsohuwar ragar kamun kifi da ta gaji da ɗinki. Ba ta roƙo. Tsayawa take yi a kan abu ta zuba masa ido, har mai shi ya gaji ya ce, "Ɗauki, ya Usta, ɗauki, kada ki cinye shi da kallo." Zangonta na ƙarshe shi ne teburin Girgis mai shayi a bakin lungu, inda ake bar mata saƙo. Can za ta ji tagar wane ta ƙi rufuwa, can za ta ji gidan wance an sami ƙarin jariri kuma babu inda za a sa kayansa.

"Ni ne ofishinta," in ji Girgis. "Ni ne sakatare, ni ne masinja, kuma ko sannu ba ta ce min."

"Wa ya kafa maka kantar da kofunanka ke kai?" ta ce masa, ba tare da ta ɗago daga bokitin kayan aikinta ba. "Da a ƙasa kake jera su, kyanwa na ɗanɗanawa kafin mutane."

Aikinta a fili yake, duk wanda ya shiga gida uku a lungun ya gan shi. Akwatin tumatir, in ta kankare shi ta shafa masa fenti ta kafa a bango, ya zama kanta. Gwangwanin man girki, in ta yanke gefe ɗaya ta danne bakin da guduma don kada ya yanki hannu, ya zama durowa, kuma ta goga masa kyandir a gindi ya riƙa zamewa ba ƙara. Tsohuwar raga ta ɗaure a kusurwar ɗaki ta ɗauki barguna duk bazara. Tif ɗin taya ta yanka shi siri-siri ta bi gefen taga da shi, iskar teku ta rasa ta inda za ta shiga. Gawayi a cikin tsohuwar safa ya shanye warin danshi a akwatin tufafi. Kabad kuwa ba ta yarda ya jingina da bango. Sai ta ja shi gaba kamar faɗin tafin hannu, domin bangon garin nan gishiri yake fitarwa. Ta koyi riƙe guduma a wurin mahaifinta, wanda sana'arsa toshe ɓarakar jirage da auduga da kwalta. Sauran duk ita ta ƙirƙira, ɗaki bayan ɗaki. Abin da ake ba ta ba shi da ƙa'ida. Wani ya ba ta kifi, wani gurasa, wani ya jefa mata abin da ya samu a bokiti.

Doka ɗaya take da ita, kuma tana faɗarta a kowane gida tun kafin ta ajiye kaya: ƙasa ta ƙafa ce, duk abin da ba ƙafa ba ya hau bango.

Ke ce, ya Usta, kika sa iyalin da ke kwana a ɗaki ɗaya suka sami wurin shimfiɗa sallaya ba tare da an ɗaga yaro daga barci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba a ba da lambar yabo a kansa.

Amma aikin da ya sa unguwa ta yi guɗa a makon nan shi ne na ɗakin Rayyis Ashur.

Mutumin ya yi rayuwarsa yana jagorantar jirgin kamun kifi, daga nan ma ya samo laƙabin Rayyis. Ciwon sukari ya cinye masa gani a hankali. Matarsa ta rasu, ya rage shi kaɗai a ɗaki ɗaya da ɗan madafi da banɗaki, a wani tsohon gida mai rufin katako da aka daɓe da siminti. Rufin yana yoyo. Idan hunturu ya kama, guguwar teku mai ruwan sama ta fara zuwa bi da bi, kowace da sunanta da lokacinta, Rayyis yakan yi abin da kowa ke yi: bokiti a nan, daro a can, tukunya a gindin gado. A ƙarshen hunturun bara ya yi tuntuɓe da daro, ya faɗi, ya karye a wuyan hannu. Umm Ragab, maƙwabciyarsa mai sayar da soyayyen kifi, ita ta tsince shi a ƙasa.

Nagwa ta ɗauke shi zuwa Alƙahira, inda take aiki a wani kantin magani. Ya yi bazara a hawa na tara, a wani gini da ko ƙarar ruwa ba a ji sai an buɗe famfo. Hannu ya warke, mutumin kuma ya rame. Ya daina cin abinci sosai, ya ce iskar wurin ba ta da gishiri. Da kaka ta yi, ta gaji da magiyarsa ta dawo da shi.

A nan ne lungu ya yi kuskure, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Da aka ji Rayyis zai dawo, Umm Ragab ta tara mata suka yi masa abin da ake yi wa duk wanda zai dawo daga asibiti ko daga hajji. Suka buɗe ɗakin suka wanke shi tas. Suka juya gado ya fuskanci taga. Suka jera kofuna a kabad, suka ninke tufafi suka zuba a akwati, suka shimfiɗa darduma a tsakiya, suka ɗora ɗan tebur a kanta da furen roba. Waɗanda suka leƙa sun ce ɗakin bai taɓa yin kyau haka ba.

Rayyis ya shiga, ya buge ƙaurinsa da tebur. Ya miƙa hannu inda rediyonsa ke rataye shekara da shekaru, ya taɓa bango. Ya nemi maganinsa ya rasa. Sai ya lalubi gado ya zauna, bai sake motsawa ba har la'asar.

"Ka gani, Baba?" Nagwa ta ce. "Ko ɗakinka ba ka gane ba."

"Wannan ba ɗakina ba ne. An sace ɗakina, an bar min bango."

Hutunta ya ƙare, dole ta koma bakin aiki. Kafin ta tafi ta tsaya a teburin Girgis, a gaban mutane, ta kafa sharaɗi. Za ta dawo ranar da guguwar farko ta hunturu za ta sauka, wadda masunta ke kira Maknasa. Za ta zauna a ɗakin ta gani da idonta. In ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, ko mahaifinta ya ci karo da wani abu, za su tafi tare, kuma babu dawowa. Babu wanda ya ga laifinta. Kowa ya san abin da take gudu: a sake kiranta a waya a ce mahaifinta ya faɗi.

Umm Ragab ce ta je ta sami Inshirah, ido jawur.

"Wallahi don Allah muka yi, ya Usta."

"Na sani. Idonku kuka gyara wa ɗakin. Shi kuma ba da ido yake zama a ciki ba."

"To yanzu ya za a yi?"

"Ki zo ki ɗauki dardumarki tukuna. Da furenki."

Ranar farko ba ta taɓa guduma ba. Ta zauna a bakin gado ta sa tsohon magana. Ta tambaye shi yadda yake samun wuƙa a jirgi idan duhu ya yi kuma teku na hauka. Ya ce kowane abu da mazauninsa, kuma a ɗaure yake. Ta tambaye shi yadda yake tafiya daga kan jirgi zuwa gindinsa. Ya ce hannu ɗaya kullum yana kan igiya.

"A teku ban taɓa faɗuwa ba," ya ce mata. "Ko sau ɗaya. A tudu na faɗi, a kan daron wanki. Ki ji abin kunya."

"To jirgi za mu yi maka."

Sai ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure idonta da shi, ta miƙe ta ce za ta je madafi. Girgis, wanda ya kawo musu shayi, ya ce bai taɓa ganin abin dariya irin wannan ba. Ta buge gwiwa da akwati, ta rungumi kabad, ta kusa shiga banɗaki da kai.

"Hagu, ya Usta, hagu!" Rayyis na ihu, karon farko da aka ji dariyarsa tun dawowarsa. "Da a jirgina kike, wallahi da na jefa ki ruwa tun a bakin gaɓa!"

"Yi dariyarka, tsoho. Duk abin da ya buge ni yau, gobe ba ya nan."

Kuma haka aka yi. Washegari aka fitar da komai lungu. Teburin ta cire masa ƙafafu, ta kafa fuskarsa a bango da yankan taya maimakon ƙarfe, ana ɗaga shi a ci abinci a sauke shi ya kwanta jikin bango. Kafintocin filin jirage suka aiko da igiya mai kauri. Ta bi bango da ita daidai ƙugun Rayyis, daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa ƙofa. Da aka zo yin alama a jikin igiyar, ta miƙa masa.

"Ni ban iya ƙullin masunta ba. Kai za ka yi."

Ƙarya take yi, in ji Girgis, ta iya su duka. Amma tsohon ya karɓa, yatsunsa suka shiga aiki. Ƙofar banɗaki ƙulli iri ɗaya, murhun gas wani iri, ƙofar fita wani iri dabam. Gwangwanin maganin safe ya ɗaura masa ƙulli, na yamma ya ɗaura masa ɗan toton da ke sa raga yawo a kan ruwa. Akwatunan dabino kuwa ba ta kafa ko ɗaya da awo ba. Sai ta ce masa, "Miƙa hannu ka ɗauki sukari." Inda hannun ya tsaya a iska, nan ta buga ƙusa. Rediyo ya koma ƙusarsa ta dā, gado ya koma inda yake.

Daɓen ɗakin ta shafa masa fenti da ta gauraya da tankaɗaɗɗen yashi, kamar yadda ake yi wa daɓen jirgi don kada a zame. Wani kafinta ya kawo mata jan fentin da ake shafa wa gindin jirgi, ta mayar masa, ta ce guba ce ta kashe ƙwarin ruwa, ba ta shiga ɗakin kwana. Ragowar fentin da ta samu ba su isa launi ɗaya ba, don haka daɓen ya fito shuɗi daga ƙofa, kore a tsakiya, ruwan lemo a gindin gado. Umm Ragab ta leƙo ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Nagwa za ta ce mun mayar da ɗakin ubanta keken mai sayar da wake, mai fenti kala-kala."

"Wane launi ne?" Rayyis ya tambaya.

"Duk wanda kake so, ya Rayyis," in ji Inshirah. "Zaɓi."

Rufin ne ya fi ba ta wahala. Ta hau tsani, Girgis na riƙe da shi yana kiran sunayen waliyyai, nasa na Kirista da na maƙwabtansa Musulmi, ta cusa auduga a duk tsagar da ta gani ta bi da kwalta mai zafi. Da ta sauko ba ta yi wa kowa daɗin baki ba. Ta ce rufin ya gama aiki, ta toshe abin da ido ya gani, amma ruwa zai nemo wata hanya, kuma ba ta san ta ina ba.

Don haka ta yi abin da ba a taɓa gani a lungun ba. Ta ɗaure tsohuwar raga a ƙarƙashin rufin gaba ɗaya, ta ja ta ta yi tsam. Ta tsaga bututun roba biyu ta kafa a jikin bango kamar indararo, ya gangara ya fita ta wata 'yar kafa a gindin taga. Sannan ta yanke gorunan ruwa na roba biyu-biyu, ta sa wa kowane rabi ƙugiyar waya a sama da siririn tiyo a baki. In rufi ya ɓulle a ko'ina, sai a ɗauki ɗaya da sanda mai ƙugiya, a maƙala shi a raga daidai ƙarƙashin ɗigon, a jefa bakin tiyo a indararo. Ruwa ya shigo ta sama ya fita lungu, ƙasa ba ta san an yi ba. Babu bokiti, babu daro.

Sun yi ta gwaji. Ita a bakin ƙofa da buta da dogon kara tana ɗiga ruwa ta saman raga inda ta ga dama, shi a ciki yana bin sauti da kunne. Da farko ruwan a kansa yake ƙarewa, yana zagin buta da mai buta. Daga baya sai ya zama kafin ta ce uffan ya riga ya maƙala.

Nagwa ta iso ana gobe Maknasa za ta sauka. Tun tana yarinya take kiran Inshirah khalti, kamar 'yar'uwar mahaifiyarta, amma ranar nan gaisuwar a taƙaice ta yi ta. Ta shiga ta dubi daɓe mai launi uku, ta dubi raga a sama, ta ja igiya ta ji ƙarfinta.

"Khalti, wannan ɗaki ne ko shagon masunta?"

"Ki tambayi mai shi."

Da safe sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen teku. Kafin hantsi lungu ya zama rafi. Ruwan bai shiga ta ƙofa ba, domin Inshirah ta yi wani katako mai tif a gefe da ake zurawa a dokin ƙofa. Mutane suka cika rumfar Girgis, wadda ke kallon tagar Rayyis, har da waɗanda ba su taɓa sayen shayinsa ba. Umm Ragab ta yafa leda ta tsaya a gindin taga tana leƙe tana kawo rahoto. Aka ce wa Inshirah ta shiga ta zauna da su ko da wani abu zai taso. Ta ƙi.

"In na shiga, ni aka gwada. Ba ni za a kai hawa na tara ba."

Har azahar rahoton Umm Ragab ɗaya ne: lafiya lau, ya yi alwala, ya dafa shayi, ya ba 'yarsa, yana mata surutu. Bayan azahar iska ta juya. Rufin ya ɓulle a tsakiyar ɗaki, inda bai taɓa yoyo ba, ɗigo ya faɗo a kan koren fenti, wani ya biyo shi.

"Ya ɗiga!" Umm Ragab ta juyo ta faɗa wa rumfa. "Wayyo Allah, ya ɗiga a ƙasa!"

Abin da ya faru a ciki, Nagwa da kanta ta ba ni labarinsa, kuma ya dace da na Umm Ragab. Ta ce ba ta san lokacin da ta zabura ta ɗauko tukunya daga madafi ba, domin haka ta ga ana yi tun tana yarinya.

"Ajiye tukunyar nan!"

Muryar da ya yi amfani da ita, in ji ta, ta manta yana da irinta. Ita ce wadda yake ba ma'aikatan jirgi umarni da ita a cikin iska. Ta tsaya cak da tukunya a hannu. Ya tashi, hannu a kan igiya, ya je kusurwa ya zaro sanda, ya ciro rabin gora daga ƙusarsa. Ya saki igiya ya tako tsakiyar ɗaki, ya shimfiɗa tafin hannu har ɗigo ya faɗo a kai, ya ɗaga sanda sama sak. Sautin ya canza daga na daɓe zuwa na roba. Ya bi tiyo da yatsa ya jefa bakinsa a indararo, ya ɗauko tsumma mai sanda daga mazauninsa ya goge ƙasa, ya mayar da komai inda ya ɗauko, ya koma gado ya zauna.

"To," ya ce. "Ɗigo ya taɓa ƙasa. Ke kika kafa sharaɗi a gaban mutane, ni kuma ban musa ba. In tafiya ce, ki miƙo min rigata, tana akwati na biyu daga ƙofa."

Nagwa ta daɗe tana kallon ruwan da ke bin tiyo yana fita. Sannan ta mayar da tukunya madafi.

"Akwai sauran irin robar nan?"

"Akwai."

"Koya min yadda ake maƙalawa."

Ta gwada a kan ɗigon nan ɗin, ruwa ya bi hannun rigarta har hammata.

"Hagu!" in ji Rayyis. "Hagu, 'yar Alƙahira! Ke da Usta makaranta ɗaya kuka yi?"

Guɗar Umm Ragab ce ta sanar da rumfa. Maza suka tashi suna tafi suna rungumar juna a cikin ruwa, wani kafinta ya cire hularsa ya jefa sama iska ta tafi da ita, Girgis ya rantse yau babu wanda zai biya kuɗin shayi, sannan ya ce ban da waɗanda ba su taɓa saye ba. Inshirah ba ta tashi daga bencinta ba. Ta jira hayaniya ta lafa ta kira Umm Ragab.

"Tiyon bai lanƙwashe ba?"

"Bai lanƙwashe ba, ya Usta!"

"To a ƙaro min sukari."

Kafin ta shiga mota, Nagwa ta shaida min cewa ba ta zo don ta raba mahaifinta da teku ba. "Na zo ne don kada a sake tsintarsa a ƙasa. Na ga ɗigo ya faɗo, na kuma ga abin da ya yi. Ni da nake da ido biyu tukunya na ɗauko."

Ke ce, ya Usta, kika ga abin da lungu duka bai gani ba, kuma sai da kika rufe ido kika gan shi. Kin iya ƙullin nan, kika ce ba ki iya ba, don mai ɗaki ya sa hannu a ɗakinsa. Kin san rufin ya fi ƙarfinki, kika faɗa a fili, kika nemi dabarar da tsoho zai iya shi kaɗai ba tare da ke ba. Ranar gwaji kuma kika zauna a waje. Gwanar bango, mai bokitin da ba ya rasa ƙusa, unguwa ta gode. Rayyis ya gode, ko da yake ya ce in faɗa miki teburin yana ƙara in an sauke shi.

Tun ranar Lahadi gidaje da dama masu tsofaffi sun bar saƙo a wurin Girgis suna neman a ja musu igiya a bango. Wannan abu ne da kowa zai iya yi a gidansa, da guduma da ƙusa da abin da kasuwa ta zubar. Wanda ke da tsoho ko mai raunin gani, ya ɗauke abin da ke ƙasa ya kai bango, kuma kafin ya matsar da ko cokali ya tambayi mai ɗakin inda hannunsa ya saba samunsa. Umm Ragab ta ce ita kam ta ɗauki darasi: yanzu ko shara za ta yi wa mutum sai ta nemi izini. Wanda kuma ke son koyon sauran, ya je ya riƙe wa Usta bokiti tun tana iya zagayawa.

Domin ba za ta sake hawa tsani ba. Ta faɗa a rumfar Girgis bayan an ɗauke ruwa: gwiwarta ta dama ta ƙare, za a yi mata aiki a farkon wata, likita kuma ya hana ta hawa ko kan kujera. Aikin ƙasa za ta ci gaba da shi in ta warke. Na sama ya wuce.

Sabuwar tsagar da Maknasa ta buɗe tana nan ba a toshe ba. Babbar 'yar Umm Ragab da wani kafinta daga filin jirage sun ce za su hau, Usta ta zauna a ƙasa tana faɗa musu abin da za su yi. Lokaci kaɗan ne gare su. Guguwa ta gaba, Kasim, wadda ta fi Maknasa ƙarfi, masunta na sa ran ta a makon da za a kwantar da Inshirah, kuma Nagwa ta ce za ta dawo ranar ta sake zama a ɗakin kafin ta yanke magana ta ƙarshe. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen rufi. Har jiya da yamma rufin bai bushe ba.